Takardar Barin Aiki a Shagon Laima

Sau huɗu na rubuta ta,
sau uku na yaga.
Ta huɗun ce a aljihun rigata
yau da nake hawan tudun unguwarmu,
ruwa na zuba a Porto tun asuba,
irin ruwan da ke ciyar da shagonmu,
don duk laimar da iska ta karya a kan gadar Douro
wurinmu take zuwa jinya.

Talata, Alhamis, da rabin Asabar,
kwanakina ke nan wajen tsoho Abílio,
shekara biyu da wata biyar
ina ɗinke yadi, ina miƙe haƙarƙarin ƙarfe,
ina yanka makulli ga masu mantuwa.
Kuɗin ba ya ganin ƙarshen wata.
Wajen sha tara yake zama a hanya
ya ce ƙafarsa ta gaji.

To ga ma'aikatar gyaran jiragen ruwa a Matosinhos
ta ce in zo ran ɗaya ga wata:
albashi cikakke, hutu, kuɗin asibiti,
har da kabad mai ɗauke da sunana, Telmo Varela.
Da na gaya wa mahaifiyata
sai ta zuba gishiri sau biyu a miya.

"Ina godiya," haka na fara takardar.
Na dube ta, na ga godiyar ta yi ƙarama,
na nemi babba, ban samu ba, na bar ta.
"Ba wani laifi aka yi mini ba.
Zan cika mako biyu,
in nuna wa mai zuwa bayana
inda almakashin kirki yake ɓuya,
da yadda ake lallashin injin makulli
in ya tashi da fushi."
Ban rubuta cewa na saba da warin man inji ba,
ko da rediyonsa mai tari.
Sabo ba ya shiga ambulan.

Na same shi da ƙusa a baki,
tabarau a ƙarshen hanci.
Na ajiye takardar kusa da kofin gahawarsa,
na tsaya kamar wanda ya fasa tulu.

Ya karanta da yatsa, layi bayan layi.
Ya zaro fensir daga bayan kunne.
"Ba ka sa kwanan wata ba," in ji shi.
"Takarda ba kwanan wata
laima ce ba mariƙi."
Ya rubuta da kansa, ya hura, ya ninke.

Sannan ya tofar da ƙusar a tafin hannu:
"Ran Litinin suka bugo mini waya,
wani injiniya mai muryar mura.
Ya ce, yaron yana da hannu?
Na ce yana da hannu,
sai dai makara ran Asabar,
ita ma ba kullum ba.
Na ce ku ɗauke shi kafin in sake shawara."

Ashe Talatar nan yana sane,
ya bar ni ina ta kame-kame,
ina share inda na riga na share,
shi kuwa yana fito a hankali.

Na buɗe baki. Abin da na haddace a bas ya gudu.
Ya jawo aljihun tebur
ya miƙo mini ƙaramin magagarinsa,
wanda ƙotarsa ta lotsa daidai babban yatsansa.
"Can ma ƙarfe ne," in ji shi. "Girma kawai ya fi."

Ya nuna kusurwa da haɓa.
"Koriyar can ta Dona Graciete ce,
ƙarfe biyar za ta zo,
kuma ka san bakinta."

Na rataye rigar ruwata a ƙusar da na saba,
na jawo kujerata mai gajeriyar ƙafa,
na buɗe laimar.
Haƙarƙari biyu ne suka karye, ba ɗaya ba.