Ƙaya Ɗari Huɗu a Faɗin Farce

Ƙarfe biyun dare a Daejeon,
hawa na shida, taga ɗaya ce ba ta yi duhu ba.
Bu Hye-rim ta duƙa kan madubin ƙara girma
tana ƙirga ƙayoyin da ta dasa da hannunta:
ɗari huɗu, a filin da bai wuce farcen babban yatsa ba,
kowace ƙaya sukari ce da aka daskarar,
kowace da ɗigon insulin ɓoye a tsininta.
Ta yi dariya ita kaɗai, firji na gurnani a gefe:
wai sukari ne zai yi dakon maganin ciwon sukari.

Magani kam an daɗe da samunsa,
hanyarsa ce ba a gama sharewa ba.
A haɗiye shi, ciki ya niƙe shi kamar shinkafa.
A bar shi a zafi, ya mutu cikin kwalba.
Sai dai allura, safe da yamma,
ita kuwa allura ba ta son hannu mai rawa.

Hannun kakarta rawa yake.
Shekara hamsin da ɗaya tana nutso a tekun Jeju,
ba tulun iska a baya, numfashi ɗaya tak,
ta ɓamɓaro dodon-koɗi daga jikin dutse,
ta taso tana fito kamar tsuntsuwa.
Yau murfin sirinji ya gagare ta.
Maƙwabciya ke zuwa ta yi mata, in ta tuna,
in tsinkar lemo bai riƙe ta a gona ba.

Gwaji na talatin da bakwai:
an shimfiɗa fatar alade daga mahauta,
an danna, an jira minti goma.
Rabin ƙayoyin a bakin ƙofa suka karye,
baƙon da ya yi sallama ya juya.
Na talatin da takwas ya shiga lafiya
amma ya juye kayansa gaba ɗaya,
ɓeraye uku suka kwanta, jiki ya saki.
Ta bi su da ruwan zaƙi ɗigo-ɗigo
tana ba su haƙuri ƙasa-ƙasa, kowa da sunansa,
ko da yake Farfesa Namgung ya hana raɗa wa ɓera suna.

Ba ƙarfi take nema ba, hankali:
ƙayar da za ta kasa kunne ga jini,
in zaƙi ya hau ta buɗe hannu,
in ya sauka ta damƙe,
mai awon da ba ta tauye mudu, ba ta kuma zubarwa.

Ƙarfe huɗu waya ta yi kuka.
Tsofaffin masu nutso ba su san barcin asuba ba.
"Kin ci abinci?"
"Na ci."
"Ƙarya kike, ina jin yunwa a muryarki.
Yaushe abin naki zai nuna?"

Ta dubi allon bango.
Bayan ɓeraye aladu, bayan aladu mutum ashirin masu sa kai,
sai ɗari uku, sai dubbai,
sai hukuma da tulin takardunta.
Shekara takwas, in an taki sa'a.
Kaka tana da tamanin da uku.
Wannan lissafin ba ya neman na'ura.

"Da saura," ta ce.

"To. Ba a tsere da teku.
Mu ma in mun tarar da ƙarami a gindin dutse
barinsa muke, mu riƙe wurin a ka,
mu gaya wa ta bayanmu.
Je ki ci abinci."

Ba ta je ba.
Ta wanke mazubin roba, ta busar,
ta rage sukari kaɗan, ta ƙara kaurin gindin ƙaya,
ta rubuta talatin da tara a kan murfi.
Can ƙasa motar kwasar shara ta fara zagaye.
A keji na biyu, wanda take kira Ɗan Lemo
ya miƙe, ya shafa gashin bakinsa,
ya nufi ruwa da ƙafarsa.