Kwando Tara a Harabar Makaranta

Ƙarfe tara na dare, rana ta ƙi faɗuwa,
ta maƙale bisa tafki kamar baƙon da ya manta sallama.
Haka Yuni yake a arewacin Finland.
Makaranta na hutu. Ba kowa sai sauro,
sai ni da jikata Kerttu,
da faya-fayan roba uku a jakar cefane.

Shekara talatin da ɗaya makullan ginin nan suna hannuna.
Na kwashe ƙanƙara a bakin ƙofar nan tun uwarta na rarrafe,
na kori yara daga gindin tagogi har muryata ta dushe.
Yau ga ni ina jifa inda na hana jifa.

Kwandon farko taku hamsin ne, bayan lilo.
Kerttu ta murɗa ƙugu, ta saki,
faifanta ya tafi a kwance kamar an shimfiɗa masa hanya.
Nawa ya cilla sama zai kai ƙara wurin gajimare,
ya fasa, ya dawo, ya kife a cikin yashi.
"Kaka, ba ƙarfi ba ne, wuyan hannu ne."
Na ce iska ce.
Ko ganye bai motsa ba.

Na uku yana bayan itatuwa biyu masu farin ɓawo.
Ni na dasa su, lokacin ba su kai sandar tsintsiya kauri ba.
Yau ɗaya ya mari faifaina, ya maido mini.
Hakin da na shayar da hannuna, shi ya tsone mini ido.

Amma fa idan ya shiga!
Sarƙoƙin kwando su ce kacau,
sai hannuna ya zarce aljihun dama da kansa,
inda makullai suke kwana a da.
Alewar tari na taras, da tsohon rasit.

A na shida na yi abin kunya.
Faifan ya haye rufin ɗakin motsa jiki, ya yi zamansa.
Na san inda tsani yake,
na san ƙofar, na san yadda take cijewa sai an ɗaga ta kaɗan.
Sani dai ba makulli ba ne.

Kafin in juya Kerttu ta kama bututun indararo,
daidai ƙarƙashin allon da na rubuta da kaina: an hana hawa.
Tsohuwar tsawa ta taso har maƙogwaro.
Na haɗiye ta.
Na tsaya a ƙasa, hannuwa a buɗe, zuciya na dukan uku-uku.

Sai kaya suka fara sauko mini:
ƙwallo ɗaya da ta sace, takalmi wari guda,
faifaina,
da wani da rana ta shanye launinsa.
Na juya bayansa. Onni Rautio, aji biyar,
da lambar waya da ruwa ya lashe rabinta.
Onni, wanda na taɓa ja da hannun riga har ofis saboda gilashi.
Yanzu motar katako yake tuƙawa,
yana ɗaga mini hannu a hanya, ban san dalili ba.

Na tara yana gab da babbar ƙofa,
inda nake tsayawa da safe ina ƙirga masu makara.
Taku bakwai ya rage.
Na ajiye nawa, na ɗauki na Onni,
na sassauta kafaɗa yadda aka koya mini.

Kacau.

Kerttu ta durƙusa, takarda a gwiwa, fensir a baki.
Ita ashirin da tara.
Ni arba'in da bakwai na ƙirga, arba'in da huɗu ta rubuta.
Ban gyara mata lissafi ba.
Gobe zan tsaya bakin titi da faifan nan a hammata.
Muka tura kekuna, sauro na rakiya,
rana har yanzu tana nan, ba wanda ya kaɗa mata ƙararrawar tashi.