Ruwan Fari Ba Na Sha Ba Ne

Arzika ya kawo ta daga Birnin Kebbi
a bayan babur, cikin kwali ɗaure da igiya.
Ya ce, "Ga matatar, Yaya.
Takardar bayanin ta jiƙe a hanya, amma na haddace."

Bokiti biyu ne, ɗaya bisa ɗaya,
da famfo ƙarami kamar bakin buta,
sai wani farin abu, dogo, mai sanyi a hannu,
wai kyandir sunansa,
ko da yake ba lagwani, ba ruwansa da wuta.

Bana gulbi ya hau har gindin rumbu,
ya koma ya bar mana laka a rijiya.
Ige ta yi kwana tara a asibitin Bunza,
ƙarin ruwa leda shida. Ni na ƙirga.

Na wanke bokitan, na kife su a rana.
Arzika ya tare hannuna kafin in kai ga sabulu:
"Kyandir yana shan sabulu, kuma ba ya mantuwa."
Na dirje shi da sabon soso, a hankali,
kamar wankan jinjirin da cibiyarsa ba ta faɗi ba,
farin gari yana bin yatsuna.

Muka nutsar da shi a tafasasshen ruwan da ya huce.
Sai ga kumfa, ƙanana, a jere,
suna hawa kamar numfashin tarwaɗa cikin taɓo.
Ashe iska ce fal cikinsa.
Sai ya saki wadda ya riƙe
kafin ruwa ya sami hanya.
Na tsuguna ina kallo har ƙafata ta yi tsami,
har kumfa ta ƙarshe ta hau, ta fashe.

Roba a wuyansa, noti daga ƙasa.
"Murɗa da hannu, kar ki nuna masa ƙarfi,
in ya tsage, laka ta san hanya."
Na murɗa. Na tsaya inda ya ce tsaya.

Muka cika na sama, muka rufe.
Shiru.

Inna Gwamma tana daga ƙofar ɗaki tana tsinkar rama.
"Shekara saba'in ina shan gulbin nan,
ban taɓa zaman jiran ruwa ya yi shawara ba."

La'asar ta wuce kafin mu ji shi:
ɗis.
Can kuma, kamar ya fasa,
ɗis.

Da magariba ya taru, garau, ana ganin gindin bokiti.
Ige ta ɗauko kofinta.
Arzika ya ce a'a, na fari ba na sha ba ne,
har na biyu ma, ƙurar kyandir ce a ciki.
Inna ta ajiye rama ta yi salati:
"Ku ɗebo, ku tace, ku zubar?"
Ni ma hannuna bai so ba,
na san nisan rijiya a wuyana.
Na kai shi gindin barkonona na tsiyaye.
Ige ta bi shi da ido har ƙasa ta shanye.

Daren nan ban yi barcin kirki ba.
Arzika ya koma, kwaɗi sun ɗauki fadama,
amma ƙarƙashin kukansu ina jin ƙarfe yana amsawa,
ɗigo bayan ɗigo,
kamar wani yana jan carbi a ɗakin girki.

Cika na uku, da hantsin washegari,
na buɗe famfo na tara kofi.
Ige ta shanye, ta goge baki da gefen zane,
ta ruga wajen awaki.

Inna ta karɓi nata, ta kurɓa, ta juya shi a baki.
"Lami," in ji ta. "Ba ƙanshin gulbi."

Ta miƙo kofin.
"Ƙaro."