Shatar Mota Daga Garwa

A filin jirgi na Garwa
allon ya yi gum da bakinsa.
Wata mai ɗaurin shuɗi ta fito ta ce,
ba tashi yau, an rufe sama.
Na leƙa waje. Ga shirwa can tana yawonta a ciki,
ba wanda ya tambaye ta takarda.

Rediyo ya ce yaƙin ba namu ba ne,
na bayan iyaka ne.
To, gemun maƙwabci ya kama wuta,
hayaƙin kuma a idonmu.

Ni kuwa Adda Dudu na kwance a asibitin Injamina,
Alhamis za a shiga da ita,
likita ya ce a nemo jini irin nata.
Duk gidanmu, ni kaɗai na rage mai irinsa.

Mu uku muka ware daga layi kamar an kira sunanmu:
Hajja Yagana da akwatin turarenta,
Wangso, ɗalibi, rungume da kundin da ya ci masa shekara biyu,
sai ni, hannu rabbana.

Mai motocin haya a bakin kasuwa ya ga idonmu,
ya gane yau kasuwarsa ce.
Jaka ɗari biyu, ban da mai.
Hajja ta ce, ɗan nan, mota muka zo haya, ba aurenta ba.
Aka sauka ɗari da sittin.
Ya zagaya motar yana ƙirga tabonta da yatsa,
bakwai, ya ce, kada ta dawo da takwas.
Ya ba mu direba, Hammajoda, mai haƙori ɗaya na azurfa.

Figil ta wuce, fara fat da farar ƙasa.
Gonakin auduga, jakuna, yara masu kwalaben fetur a inuwar darbejiya.
A Marwa muka kwana zaune.
Wangso bai ci komai ba sai da Hajja ta tsawata,
ta tura masa ƙosai a takarda,
ci, malamanka ba za su tambayi gawa ba.

Daga Mora sai jiran ayari.
Soja a gaba, soja a baya, mu a tsakiya kamar tsokar tsire.
Ba mai tsayawa ko da fitsari.
Hammajoda ya kashe waƙa,
yana kauce wa ramuka yana kiran kowane da suna,
wannan ya ci min taya bara,
wancan kuwa ya ci mutum.
Daga nan bai ƙara magana ba har Waza.

A shingen Dabanga jandarma ya sunkuyo.
Ke, me kika ɗauko? Turare.
Kai fa? Takarda.
Ya dube ni, ba jaka, ba ƙunshi.
Na miƙa masa hannuna, na ce, jini.
Ya daɗe yana kallon jijiyar,
sannan ya ɗaga sandar da kansa.

Kusiri da la'asar sakaliya.
Motar ba ta da izinin ƙetare gada,
nan yarjejeniya ta ƙare.
Hammajoda ya zagaya ta, ya ƙirga. Takwas.
Ya yi dariya, azurfar ta haska,
ku tafi, ni na san abin da zan ce masa.

Muka taka gadar da ƙafa,
Logon a ƙarƙashinmu, ja, cike da damina.
Ban karɓi lambar kowa ba.

Da aka soka min allura, Adda ta buɗe ido,
ta shinshina rigata.
Wace ce mai turaren nan?
Na ce, doguwar magana ce.
Ta ce, jakar ba ta cika ba tukuna,
fara.