Bayan Gargaɗi

Sha ɗayan dare a Setubal.
Injin buga jarida na gurnani a ƙasa, yana jira.
Graciete ta cire tabarau ta murza ido,
shafin farko ya cika, saura goshinsa.

Da la'asar a tashar jiragen ruwa
igiyar ƙugiya ta tsinke,
akwatin ƙarfe ya sauko kan Abilio Canhoto,
mai shekara ashirin da shida yana dako a bakin tekun nan.

Telmo, yaron da ya je ya gano,
gishiri bai bushe a takalminsa ba, ya rubuta:
Kamfani ya ƙi sauya igiya, ta kashe lebura.
Graciete ta ce, "Ka kama suna, ka sa shi gaba.
Gobe lauya zai riga mai burodi ƙwanƙwasa ƙofa."

Ta gwada: Igiya ta tsinke.
Laifi ya tattara ya koma kan igiya,
wadda ba ta da ofis, ba ta da lambar waya.
Ta gwada: An yi asarar rai.
An, bargo mai faɗi,
mutum goma sa kwana ciki ba a ga ƙafar kowa ba.
Ta gwada haɗari, ɗan'uwan hadari,
mai haɗuwa a sama ya zubo,
ba wanda ya aiko shi.

Telmo ya buɗe jaka.
"Sau uku marigayin yana kai takarda ofis,
yana cewa igiyar ta fara warwarewa.
Ga kwafi, ga sa hannunsa."

Suka tsaya a kan: Lebura ya mutu bayan ya yi gargaɗi.
Gaskiya ce, ba mai kai ta kotu.
Sai dai layin ya ɗara shafi da faɗin yatsa.
Mai tsara shafi, hankalinsa na kan bas ɗin ƙarshe,
ya laluba abin da bai da nauyi,
ya zare "ya yi" kamar ƙaya daga kifi.

Da safe:
LEBURA YA MUTU BAYAN GARGAƊI.
Mai kofi ya girgiza kai, "An faɗa masa, bai ji ba."
Direban tasi ya ce, "Taurin kan tsofaffin hannu."
Kafin rana ta take
gari ya gama shari'a ya tashi.

Deolinda ta karanta sau biyu a tsaye.
Ita ta gyara masa takardun nan uku
a teburin cin abinci, yana ta mita.
Ta ɗauko alƙalamin da take lissafin cefane,
ta cusa "ya yi" tsakanin manyan baƙaƙe,
ƙanana, a karkace, don wurin ya matse,
ta manna shafin a ƙofar gida.

Jarida ta yi gyara ran Alhamis,
layi biyu, shafi na sha tara,
ƙarƙashin tallan katifa.