Ruwan da Ba a Hura wa Wuta Ba

Shekara talatin da huɗu Mma tana dama koko a Aboabo,
ba ta taɓa ganin tafkin Bosomtwi ba,
ga shi kuwa nan kusa, a bayan Kumasi.
Ta ce, "Ruwa? Ni da nake kwana da shi, in tashi da shi?"
Sai da na ɓoye ludayin,
na ce yau Lahadi,
masu shan kokonki ba za su mutu ba.

A tasha ta ja ciniki da yaron mota
kamar tana sayen gero.
Ta zauna jikin taga, jaka a ƙirji,
kamar wadda za a kai asibiti.

Bayan Kuntanase hanya ta soma gangara,
tana lanƙwasa, tana shan kwana.
Ayaba hagu, ayaba dama,
da gonakin koko, ba irin nata ba, na bishiya.
Sai ga shi can ƙasa,
kwance cikin ƙoƙon duwatsu,
zagayayye kamar bakin tukunya.
Mma ta ce, "Tabɗi."
Ba ta ƙara ba.

A Abono na biya kuɗin shiga a ɓoye,
amma idonta ya riga hannuna.
"Kofi ashirin ke nan," in ji ta, "har da ƙosai."

Kujerun roba, laima mai launi,
kiɗa yana dukan ƙirji,
'yan mata suna ɗaukar hoto da baya ga ruwan,
ana soya karfasa, ana fasa kwakwa.
Can nesa wani masunci a kan falankin katako
yana tuƙi da hannu biyu, ba ya sauri.
Mma ta bi shi da kallo.
Shi kaɗai ta gane a wurin:
mai aiki ranar hutun wasu.

Muka matsa inda kiɗan bai kai ba.
Ta tuɓe silifa, ta tattare zane zuwa gwiwa,
ƙafafun nan da tsayuwa ta kumbura.
Ta tsoma ɗaya. Ta janye.
Ta sake tsomawa.
"Suraka, da ɗumi!"
Na ce rana ce, Mma.
"Duk wannan? Wa ya dafa?
Gawayi buhu nawa?"

Na yi dariya,
sai dariyar ta tsaya mini a wuya.
Na lissafa asubahin makaranta,
bokitin ƙarfe a bayan ɗaki yana tururi,
zazzaɓin Baba, wankan jegon Sakina,
ruwan shayin baƙin da ba su faɗi za su zo ba.
Duk ruwan ɗumin da ya taɓa jikin gidanmu
bakinta ne ya hura wutarsa.
Na nemi ranar da wani ya ɗora mata,
na nema,
ban samu ba.

Ta zauna kan dutse, ruwa har ƙwauri,
ƙananan kifi suna sunsunar diddigenta.
Hannuwanta a cinya, a buɗe,
ga tabon tukunya, ga na mai.
Ba su riƙe komai ba.
Ban san su haka ba.
Can sai kanta ya karkata.
Mma tana barci da rana tsaka,
ni kuma ina kora mata ƙuda da hulata.

Da ta farka ta yi alwala da shi,
ta daɗe a wankin ƙafa.
Ta cika gorar da muka sha, ta ɗaure a gefen zane,
wai za ta kai wa Mma Zenabu mai ciwon gwiwa.

Kafin mu hau gangaren nan ya huce.
Ta taɓa gorar, ta taɓa kuma,
ta ce, "To, a ɗora mata a wuta."
Sai ta juyo: "Ka tabbata na jiƙa geron gobe?"

Ƙarfe uku na dare na ji motsi a tsakar gida.
Na riga ta zuwa murhu.
Ashana uku na ɓata, gawayin ya ƙi ni.
Tana tsaye a bakin ƙofa, tana kallo,
ba ta karɓa ba.