Sikelin Kwaku

Shekara ashirin da biyu ina ɗora nama a sikeli
a rumfar mahauta ta Asawase,
cinya, tozo, haƙarƙari, kayan ciki,
ban taɓa tunanin layi zai zo kaina ba.
Sai bana likita ta dubi takarda, ta dubi tumbina,
ta ce, "Mumuni, jininka ya hau, kai kuma sai ka sauka."

Akwai wani yaro, Kwaku, a bakin Kejetiya,
da sikelinsa a kan kwali, sidi ɗaya kowane hawa.
Litinin na hau: ɗari da huɗu.
Na bar tuwon dare, na yi sallama da romon jela,
mai suyar ayaba ta gaishe ni, na amsa ina kallon sama.
Na taka da ƙafa daga Aboabo har kasuwa,
yaran mota na kira, ina ɗaga musu hannu.

Alhamis: ɗari da biyu.
Na ba Kwaku sidi biyar, na ce ya riƙe canji.
Na shiga gida kamar wanda aka biya tsohon bashi,
na ce Barikisu ta tono min wandon angoncina.

Asabar: ɗari da biyar.

Na sauka, na tuɓe takalmi, na sake hawa.
Na cire hula. Na fidda waya da makullai.
Na fesar da numfashin da ke ƙirjina kaf.
Allura ta yi rawa, ta yi rawa,
ta koma ta tsaya inda take, ko kunya babu.
Na ce, "Yaro, sikelinka da aljani."
Ya ce, "Baba, ni dai zama nake, kai ke hawa."

A hanya na yi wa cikina shari'a.
Wake da shinkafa a ganye, jiya da rana,
yaji cokali biyu, busasshen kifi mai gishiri,
ruwan leda bakwai don zafin rumfa.
A nan kilo uku ya ɓuya?
Zuciya ta ce, tunda wahala ba ta biya,
koma ga tuwonka, a zuba man shanu.
Har na tsaya ƙofar mai tuwo. Har na yi sallama.

Abin da ya janye ni, cinyar sa ce.
Na rataye ta da asuba, na auna, na rubuta,
da la'asar ban yanki ko tsoka ba, ta rage.
Ruwa ne ya ɗiga a siminti, ƙuda na sha.
Tun ina yaron mahauta na san wannan,
na san buhun gishiri kan yi nauyi da damina,
ban taɓa cewa gishiri ya yi ƙiba ba.
Ashe ni ma nama ne, da ruwa a jiki,
ina sha, ina riƙewa, ina zubarwa.

Barikisu ba ta san kilo ba, ta san ɗamara.
Ita ta ɗora ƙusa a wuta
ta huda wa bel ɗina sabon rami,
ba ta ce komai ba, ta rataye shi a ƙofa.

Yanzu Juma'a kaɗai nake hawa,
da sassafe, kafin koko,
in rubuta a bayan littafin masu bashi.
Lambobin na hawa da gangara kamar titunan Kumasi,
amma in na duba daga watan jiya
gangaren ya fi yawa.

Kwaku ya ce na rage masa ciniki.
Wandon angonci har yau bai shiga ba.
Ya dai wuce gwiwa.